Ranar da Kallabin Tabawa Ya Faɗi

Wasanni da yawa da muka yi na manta sunayensu, har waɗanda suka zage ni a cikinsu na manta fuskokinsu, amma ranar da kallabin Tabawa ya faɗi a filin lakwal, wato makarantar bokon Matameye, ta ƙi fita daga raina. Tunda ku yaran yanzu kun ce in ba ku shawara a kan aikin bayan labule, to ku gyara zama. In kun gaji ku daure, mu ma haka muka daure wa namu manyan.

A shekarun nan na hamsin, tun Nasara ba su tattara kayansu ba, ni planto ne a lakwal: shara, buga ƙararrawa, kai saƙo. Daraktanmu, shugaban lakwal, Mushe Abdu, wato Malam Abdu a bakin Faransa, ya yi karatu a Damagaram, ya dawo mana da ciwon tiyatir, wato wasan kwaikwayo. Shi ya naɗa ni rejisar. Da na tambaye shi ma'anar wannan babban suna, ya ce shi ne wanda komai yake hannunsa. Sai daga baya na gane nufinsa: shi ne wanda in komai ya lalace ake kallo. Mutanen gari kuwa ba su wahalar da harshensu ba, mai labule suke ce mini.

Aikin ba wani abu ba ne, in ji waɗanda ba su taɓa yin sa ba. Kai za ka jera teburan aji ka ɗaure ƙafafunsu da igiya su zama dandamali. Kai za ka bi gida gida aron turmi da tukunya da zane, kuma kai za ka mayar, ka sha faɗan abin da ya fashe. Labulenmu gwado biyu ne a kan waya, wanda yake tafiya ranar da ya ga dama. In za a fara, sai in daki ƙasa da taɓarya sau uku, don Mushe ya ce haka ake yi a Faransa, kuma wa ya isa ya yi gardama da Faransa. Sannan dole ka san ta ina kowa zai shiga, ka tsare 'yan wasa kada su tafi neman goro ana tsakiyar magana.

Wasan wannan shekarar na rufe lakwal ne, gab da faɗuwar ruwa. Mushe ya rubuta shi a kan ƙudaje da rufe abinci. Ya yi imani jama'a za su taru don su koyi tsabta. Allah ya ba shi ladan niyya. Jama'a don Tabawa suke zuwa, mai tuwo mai bakin tsiya, wadda take korar ƙuda da faifai tana zagin masu saye. A lokacin ba macen da za ta hau tebur a gaban maza, saboda haka Tabawa namiji ce: Lawali, saurayin magidanci, tela, wanda yake cin rani a Kano ya dawo sharar gona. In ya ɗaura zane ya cusa tsumma a ƙugu ya fara rangwaɗa, tsofaffin mata har hawaye suke yi don dariya.

Sai dai Lawali yana da abin da ya hana shi barci. Matarsa Hadiza ta tafi goyon ciki gidan ubanta a Dawce, ta haihu yana Kano, an yi suna, an gama wanka, watanni sun shuɗe, ba a mayar da ita ba. Ya aika manya sau da dama. Surukinsa, Alhaji Mamman, mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa a kasuwa ba. Amsarsa ɗaya ce: ya ji ƙishin-ƙishin cewa yaron ya zama ɗan kama, kuma shi ba zai mayar da 'ya da jika gidan da ba magidanci ba, sai ya bincika. Lawali bai ga ɗansa ba sai sau ɗaya, shi ma daga zaure aka miƙo masa. Ya roƙi Mushe ya cire shi daga wasan. Mushe ya ce Dawce da nisa, kuma Alhaji ba ya kallon shirme. Da wannan babbar hujja aka rufe maganar.

Ranar wasa ta zo daidai da ranar kasuwa. Bayan la'asar fili ya cika, mata da yara a tabarmi, maza a tsaye a baya, kujeru a gaba don kwamanda, Baturen da ke mulkinmu, da manyan gari. Na leƙa ta tsakanin gwadon nan in ga ko an zauna. Ga Alhaji Mamman a kujerar gaba, rawani fes, carbi a hannu, kusa da dandamali har zai iya taɓa tebur. Aikin tafintan kwamanda ne. Ya ga kujeru ba su cika ba, ya ji kunya a madadin Faransa, ya shiga kasuwa yana tsintar duk mai babbar riga. Cikin dukan manyan rigunan ƙasarmu ta Kance, wannan ya zaɓo mana.

Na ruga wurin Mushe na gaya masa.

Ya ce, "Isufu, kwamanda ya zauna. Ba a ɗaga tiyatir don suruki."

Na ce, "Mushe, to a ba wani zanen Tabawa."

Ya ce, "Wa? Kai?"

Na dubi kaina na bar maganar.

Ga shawara ta farko: mugun labari, in ɗan wasa zai gan shi da idonsa a kan dandamali, gara ya ji daga bakinka a bayan labule. Na sami Lawali yana shafa kwalli, na faɗa masa. Ya zauna a ƙasa daɓas, da zanensa da tsummansa. Can ya miƙe ya nufi katanga zai haura.

Na riƙo shi na ce, "Ina za ka?"

Ya ce, "Gida. Walle ba ni fita. In ya gan ni haka, Hadiza ta tafi ke nan."

Na ce, "Madalla. Ka ratsa kasuwa da zane da kwalli kana gudu. Kafin magariba mutanen Yauri ma sun ji. Aƙalla a nan akwai mayafi."

Na tausaya masa ƙwarai. Amma tausayi ba ya ɗaure kallabi. Na ɗaure masa shi har gira, na naɗe shi da mayafi, ido kawai a waje. Na hau dandamali na mayar da murhun Tabawa ɗaya gefen, yadda zai ba Alhaji baya. Da ma wutar ƙarya muke yi, amma ran nan na hura ta gaske a cikin kasko, na ɗora jiƙaƙƙen kara don hayaƙi ya yi mana katanga. Iska kuwa, da yake ita ma ta san manya, ta kwashe hayaƙin duka ta kai wa kwamanda. Na daki ƙasa da taɓarya, na ja gwado.

Da fari abin ya tafi. Lawali ya matse murya fiye da kullum, yana magana da tukunya ba ya waiwaye. Jama'a suna dariya, wasu na satar kallon kujerar gaba, don rabin filin sun san wane ne a cikin mayafin, sun kuma san wane ne a cikin rawanin. Alhaji yana zaune kamar an dasa shi.

Ga shawara ta biyu: ku ji tsoron ɗan wasan da aka yi wa dariya sau ɗaya. Sani, wanda ya fito a ma'aikacin tsabta, ya faɗi wata kalma aka yi dariya, kansa ya kumbura. A gwaji, aikinsa ya ƙwace faifan Tabawa ya tafi, shi ke nan. Amma gwanin ya ga faifai ya yi masa kaɗan. Ya kama bakin mayafi ya fizga, mayafin ya taho da kallabi. Ga Lawali tsaye a gaban duniya, kai a aske ƙwal, gashin baki da kwalli, zane a ƙirji, kuma fizgar ta juyo shi ido da ido da surukinsa.

Dariya ta tashi, ta mutu a hanya. Filin ya yi tsit, sai tarin kwamanda. Na ja labule da dukan ƙarfina. Gwadon ya taho, ya rufe Sani tsaf, ya maƙale, ya bar Lawali a fili. Shekara da shekaru ina lallashin wayar nan, ran nan ta biya ni. Lawali ya kasa gudu, ya kasa durƙusawa, don in ya durƙusa ya gaida suruki a wannan shiga, ya tabbatar ke nan. Kowa ya bar kallon dandamali ya koma kallon Alhaji. In ya tashi ya fita, auren ya fita tare da shi, wannan ko yaran tabarma sun sani.

Sai carbin Alhaji ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya nema, kansa har ƙarƙashin kujera. Tafinta, sarkin taimako, ya yi wuf ya ɗauko ya ce, "Ga shi, Alhaji."

Alhaji bai ɗago ba. Ya ce, "Na gode. Saura takalmina."

Takalman nan kuwa duka biyu suna ƙafarsa, ni daga inda nake ina ganinsu. Tafinta ya buɗe baki zai nuna masa, liman da ke gefensa ya take masa ƙafa. Alhaji ya ci gaba da laluben ƙasa a natse, kamar mai neman allura.

Ban jira an ce mini ba. Na rarrafa ta bayan turmi, na warce kallabin daga hannun Sani, na gaya masa wata magana a kunne wadda ba zan maimaita a gabanku ba. Na jawo Lawali ƙasa, na ɗaure, na naɗe, na tura shi wajen murhu. Sannan na koma na daki ƙasa da taɓarya da ƙarfi, don mai neman takalmi ya ji. Alhaji ya ɗago, ya gyara rawani, ya dubi dandamali kamar yanzu ya iso.

Tabawa ta ci gaba. Da Sani ya matso, ta sauke masa faifai a ka da gaske, wanda ba ya cikin gwaji, kuma ban ga laifinta ba. Filin ya ɓarke da dariya. Mushe daga baya ya ce wannan ya nuna jama'a sun fahimci illar ƙuda.

Da aka watse ina kwance igiyar tebura, aka ce Alhaji na kirana. Lawali ya ɓuya a cikin aji, ya ƙi ko cire zanen. Na je na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Kai ne mai labule?"

Na ce, "Ni ne, Alhaji."

Ya ce, "Labulenka na son gyara."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji."

Ya ja carbi kaɗan, yana kallon wani wuri can. Ya ce, "Matar nan mai tuwo, ban san ta ba, ban san 'yar gidan wa ce ba. Amma na ga alamar tana da kunya. In ta san yaron nan tela, ta gaya mishi ya zo jibi ya ɗauki iyalinshi. Jinjirin ya fara zama, bai san ubanshi ba."

Na ce, "Za ta ji, Alhaji."

Ya miƙe, ya taka kaɗan, ya tsaya. Ya ce, "Kuma ta riƙa ɗaure kallabi da kyau. 'Ya mace ce."

Na kai saƙon yadda aka ba ni, ban rage ko kalma ba. Lawali ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka, kwalli na bin gashin baki. Ni ma na juya ina gyaran igiyar da ba ta bukatar gyara. Jibin ya tafi Dawce da babbar riga, suka gaisa da surukinsa a zaure a kan maganar ruwa da iri, ya dawo da Hadiza da ɗansa. Ya ƙara shekaru yana yin Tabawa, kuma har Alhaji ya rasu ba wanda ya ji ɗayansu ya ambaci ranar.

To ga abin da na koya, ku da kuke zaton aikin nan igiya ne da taɓarya. Ku san 'yan wasanku har gidajensu, wa ke auren 'yar wa, wa ba ya haɗa ido da wa, don abin da zai kayar da mutum a dandamali sau da yawa daga gida ya biyo shi. Ku yi duk dabarar da kuka iya, amma kada ku ɗauka ku kaɗai ke rufa wa mutane asiri. Ranar da labulenku ya ƙi, mutuncin ɗan wasa yana hannun masu kallo. Na yi shekaru ina ganin gwanaye suna hawa tebur suna sauka, amma ban taɓa ganin wanda ya kai dattijon nan iya wasa ba, shi da bai hau ko'ina ba, kuma ba wanda ya tafa masa.