Asabar Ɗin da Surukina Ya Daka Mini Tsawa da Jamusanci

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da mijin 'yata ya daka mini tsawa a gaban baƙo ba, ni kuma na yi hamdala. Tunda ku yaran ofis kun matsa sai kun ji, bari in ɗauko muku daga tushe.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ofishinmu ƙarami ne a cikin birnin Zazzau. Mukan bi zaurukan malamai mu karɓo tsofaffin takardu, a kakkaɓe su, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su. Ni ne babban mai karatu a lokacin, wato duk takardar ajamin da tawadarta ta dushe ko gara ta ci gefenta, ni ake miƙa wa. Masu bincike daga Jamus sukan zo mana duk shekara. Rannan Darakta ya kira ni ya ce, "Malam Ɗalhatu, ofis zai sa ka ajin Jamusanci."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni da ritaya ta kusa?"

Ya ce, "Ai shi ya sa. Kai kaɗai ne a ofishin nan ba ka sauri."

Haka na fara. Karatun hawa-hawa ne. Hawa biyun farko na gaisuwa ne da cefane da tambayar hanya, na haye su da ikon Allah, ina rubuta kalmominsu da ajami a gefen takarda. Na uku shi ne na tsakiya, ana ce masa ajin hira. A nan babu kwafar allo, sai magana. Malamarmu, Malama Rahila, 'yar Wusasa ce, ta daɗe a can ƙasar. Ajin yana wani bene a Tukur-Tukur, kowace Asabar da hantsi.

Ranar farko ina shiga na ga wani ya zame daga kujera ya durƙusa. Sabi'u ne, mijin 'yata ta fari, ma'aikacin jinya. Na san yana neman aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Jamus, amma ban san ajinmu ɗaya ba. An riga an ba shi gurbi, da sharaɗin ya ci jarrabawar wannan hawa kafin ƙarshen shekara, in ba haka ba a ba wani. Ya yi shekaru yana wannan nema, 'yata da jikokina duk sun sa rai.

Malama ta raba mu biyu-biyu, sai ga ni da shi.

Yaron nan ya fi kowa Jamusanci a ajin. In yana hira da sa'o'insa, sai ka ce rediyo aka kunna. Amma da an zaunar da shi gabana sai ya sunkuyar da kai, ya ƙura wa takalmina ido. Ita kuwa jarrabawar hira, ga yadda take: a ba mutum biyu kati mai ɗauke da wata hidima, su tsara ta tare. Wannan ya kawo shawara, wancan ya ƙi, ya faɗi dalili, ya kawo tasa, har su daidaita. A musun nan ake samun maki.

Sai in ce mu tafi ranar Lahadi, Sabi'u ya ce, "Ja, Baba," wato to. In ce a'a, Litinin ta fi, ya ce, "Ja, Baba." Wata rana don gwaji na ce mu tafi Kaduna a ƙafa. Ya ce shawara ce mai kyau.

Malama ta dafe kai ta ce, "Sabi'u, ka yi masa musu mana!"

Ya ce, "Malama, a wane bakin?"

Bayan an tashi na same ta na ce ta sauya masa aboki, kunyar suruki ba abin da ake cirewa a wata uku ba ne. Ta ce, "Baba, ni ma 'yar ƙasar nan ce, na sani. Amma tsofaffi zai je ya kula da su. In tsoho ya ce ba zai sha magani ba, durƙusawa zai yi ya ce to? In bai iya ce maka a'a ba, gara ya faɗi a nan."

Gaskiya ta faɗa, domin ni kaina ina da ciwon sukari, kuma Sabi'u ya sha ganin ana haɗa mini shayi a zaure, sukari cokali cike, bai taɓa cewa uffan ba. Sai dai ya koma gida ya faɗa wa matarsa, ita ta faɗa wa uwarta, uwar ta same ni. Kafin saƙon ya iso na shanye.

Na gwada ba shi izini. Na ce, "Malam Sabi'u, a cikin aji na yafe maka, ka yi mini gardama." Ya ce, "To, Baba." Da muka shiga aji ya ci gaba da kallon takalmina.

Ranar jarrabawa, ita ma Asabar ce, mai gwajin wani Bajamushe ne dogo, ya zo daga Legas. Na yi alwala, na yi addu'o'ina, muka shiga. Katinmu ya ce wani abokin aikinmu dattijo ya fito daga asibiti, mu tsara yadda za mu je duba shi: yaushe, da me za mu kai masa, da yadda za mu taimaka.

Na ce mu je da yamma. "Ja." Na ce mu hau keke mai ƙafa uku. "Ja." Na saci kallon Bajamushe, na ga ya ajiye biro ya harɗe hannu. Malama daga kusurwa ta rufe ido. Na ji a raina gurbin nan yana zamewa, da hannuna kuma.

Sai na yi istigfari a zuci, na gyara zama. Na ce da Jamusancina mai ɗingishi, wannan dattijo ciwon sukari gare shi, irin nawa. Saboda haka mu kai masa abin da nake sha kowace safiya: shayi da madarar gwangwani, da sukari, a ɗiga zuma a kai.

Sabi'u bai ce "Ja" ba. Kunnensa ya motsa.

Na ce mu haɗa masa da rake, ya riƙa sha yana hutawa. Sannan mu ba shi shawara ya bar allurar nan da ƙwayoyin, wahala ce kawai. Ni ma na ajiye nawa tun da azumi, jiƙon shuwaka nake sha, ga ni garau.

"Nein!"

Tsawar surukina ce, har teburin ya amsa. Sabi'u ya ɗago, karo na farko tun ranar ɗaurin aure na ga ƙwayar idonsa. Sai Jamusanci ya ɓalle. Ya ce sam bai yarda ba. Ya faɗi abin da sukari ke yi wa ido da ƙoda da ƙafa. Ya ce za mu kai wa dattijon ganye da kifi da wake, mu raka shi awo, mu sami mai tuna masa lokacin allura. Na ce to zumar fa, ai waraka ce? Ya ce zuma tana da ranarta, amma ba a kan cokalin sukari ba. Har da nuna ni da yatsa. Rabin abin da ya faɗa ban gane ba, amma na ga Bajamushe ya ɗauki biro yana ta rubutu, har sai da ya ɗaga hannu ya ce lokaci ya cika.

Muna fita Sabi'u ya zube a matakala. "Baba, don Allah ka yafe mini. Wallahi ban san lokacin da ya fito ba."

Na ce, "Tashi, Allah ya yi maka albarka. Maganar barin magani ƙirƙira ce, na kuma nemi gafara."

Bai yarda ba. Da yamma sai ga shi a gida da na'urar awo, ya ce a fito masa da kwalin maganina ya gani da idonsa.

Da sakamako ya fito ya ci da maki mai kyau. Ni ma na haye, da ƙyar. Malama ta ce mai gwajin ya yaba mini da cewa na iya jan abokin hira.

Na yi wata shekara ina karɓar baƙinmu da harshensu kafin in ajiye aiki. Abin da na riƙe daga ajin nan, wanda nake so ku ma ku riƙe, shi ne girmama babba ba ya nufin a bar shi ya cuci kansa. Mu a ofishin nan sau nawa muke ganin malami ya ajiye takardun kakansa a inda ruwa ke zuba, mu yi shiru don kunya? Ku faɗa masa, da ladabi, amma ku faɗa.

Sabi'u yana can yanzu tare da iyalinsa. Duk Juma'a yakan kira ni a waya mai hoto. Mu gaisa da Hausa, kansa a ƙasa, ya tambayi gida da jiki da mutanen unguwa. In ya hango kofin shayi a gefena, sai ya gyara murya ya ɗago kai ya juya harshe zuwa Jamusanci. Ni kuma in tura kofin bayan buta.