Gautan Baba a Gidan Leda

A gida, kaka lokacin girbi ne. A Riyad kuwa sai zafi ya karye ake fara shuka, shi ya sa duk kaka jikina ke rikicewa. Hannuna na neman lauje, ana miƙo mini dashen tumatir. Ga tunanin gida, ga iƙamata, takardar izinin zama, da kafil, ubangidan da ya ɗauko ni, ke ta jan ƙafa wajen sabuntawa. Na kasa zaune na kasa tsaye.

A wata gona nake aiki a bayan gari, cikin gidajen leda da ake shuka a ciki. A wannan lokacin muke wanke farar ƙasar da aka shafa wa rufin saboda zafi, mu gyara fankoki, mu tuge tsofaffin shuke-shuke. Abokin aikina wani dattijo ne mutumin Maradi, Baba nake ce masa. A kusurwa ya shuka gauta, ragowar irin mahaifinsa da ya zo da shi a ƙulle. An sayar da gonarsu, irin ya ɓace a garinsu. In wannan bai yi 'ya'ya ba, shi ke nan.

Gautan ya yi kyau, ya yi fure, furen ya riƙa zubewa. A gidan leda babu iska babu zuma, don haka kowace safiya sai mun bi layin tumatir muna kaɗa igiyoyinsa, furen ya samu ya ɗauka. Amma Baba ya hana a taɓa nasa.

"Mu a wurinmu ba a shiga gona tana hure," in ji shi. "Kai, ɗan birni, mi ka sani?"

"Baba, a Maradi iska ke yi muku aikin."

"Iskar Allah daban, hannun mutum daban."

Taurin kansa ya ishe ni, kuma ina tausayinsa. Shi kansa ya rame, ko shayi ba ya gamawa sai ya tashi ya je ya leƙa. Ana haka mudir, wato mai kula da gonar, ya nuna kusurwar ya ce ƙarshen wata kalas, a tuge gautan, furanni za a jera a wurin.

Daga nan na fara kaɗa gautan a sace. Duk hantsi idan Baba ya tafi buɗe ruwa, sai in tsuguna in riƙa ɗan ƙwanƙwasa karan gautan da yatsa. Wata rana na ɗaga kai, sai ga shi tsaye da tiyo a hannu. Ya daɗe yana kallona, ya juya ya tafi. Ranar a motar komawa Gubaira, unguwar da muke kwana, ko kallona bai yi ba.

Da ƙananan 'ya'ya suka fito, shi da kansa ya je ya roƙi mudir, da guntun Larabcinsa, aka bar masa kusurwar. Ko ɗaya bai bari mun ɗanɗana ba. Ya bar su suka nuna jawur, ya fasa, ya shanya irin a tagar ɗakinmu.

Ranar da zai koma gida ya raba irin biyu, ya ƙulle rabi a ƙyalle ya danƙa mini.

"Ungo, ɗana. Hannunka na ciki."

Ƙullin na nan a jakata. Kaka ta sake zagayowa, ina ta dasa tumatir ɗin wani, har yau ban samu ƙasar da zan ce tawa ce in shuka shi ba.