Ƙashin Tangaran da Aka Gina Domin Ƙafata

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da tsofaffin ɗalibaina.

Fiye da shekara guda ke nan ban rubuta komai a wannan shafi ba. Da yawanku kun aiko da tambaya, ban amsa ba. Ba raini ba ne. Ina jira ne in sami labari mai daɗi in ba ku. Tun da bai zo ba, ga wanda ke akwai.

Babur ne ya kayar da ni a hanyar Jabo, ina komawa Tambuwal daga ta'aziyya. Ƙashin ƙwaurina na hagu ya karye, har tsininsa ya ɓula fata.

Gidan da ya fi kusa shi ne na Haruna maɗori, aminina tun muna yara muna kiwon awaki a Fakku. Ya ja ƙafar, ya ɗaure da kara. Sannan ya sa aka kamo zakara, ya karya masa ƙafa ya ɗaure, kamar yadda ya gada.

Ya ce, “Hedimasta, bar tsoro. Ran da zakaran ga yat taka, kai ma ka taka. Kak ka bari shi riga ka dai.”

Muka yi dariya.

Mako uku, zakara ya koma tonon bola. Ni kuwa ƙafata ta fara wari.

Na ji warin kafin kowa, na yi shiru. A ganina, in tashi daga shimfiɗar Haruna in nufi asibiti, tamkar na tsaya a tsakiyar kasuwa ne na ce hannunsa ya mutu. Shekara talatin da biyar na yi ina koya wa yara tsafta, amma kunyar amini ta kwantar da ni mako bakwai, ina sa a turara ɗaki don kada masu dubiya su ji.

'Yata Hadiza, mai aikin jinya a Kebbe, ita ta kwance ɗaurin ba da izinina ba. Ta duba, ta fita waje, ta dawo idonta jawur.

“Baba, mi kaka jira? Kunyar Baba Haruna za ta ba ka wata ƙafa?”

A babban asibiti a Sakkwato aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka tarar har suga ina da shi ban sani ba. Aka shiga da ni tiyata, aka yanke mataccen ƙashi wanda ya fi ɗan yatsana na tsakiya tsawo, aka riƙe sauran da ƙarafa ta waje. Kowace safiya ana wanke mikin. Ban taɓa ihu a gaban 'ya'yana ba sai a wannan ɗaki.

Likitan, matashi ne mai ladabi, ya ce giɓin ya yi girman da ƙashi ba zai haɗe da kansa ba. Amma akwai wata sabuwar hanya a ƙasar waje. Inji ne ke bin hoton ƙashin mutum, yana ɗora wani irin yumɓu sahu bisa sahu kamar magini, sannan a gasa shi ya zama tangaran, duk jikinsa ƙananan ƙofofi. In an cike giɓin da shi, jini ya bi ƙofofin, sabon ƙashi ya biyo baya, yadda duma ke bin danga.

Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce abin sabo ne, ba kowa yake yi wa ba, kuma ba a sa shi sai miki ya tsarkaka sarai.

Wata huɗu ina shan allura ta jijiya, har gwaji ya nuna cutar ta kwanta. Na sayar da shanun huɗa da fadamar da na gada, aka aika da awona. Muka zauna jira.

Ƙashin tangaran ya iso. Aka sa ranar tiyata.

Saura kwana huɗu zazzaɓi ya rufe ni. Da aka buɗe bandeji, sai ga mugunya.

Likita ya zauna a bakin gadona, abin da bai saba yi ba. “Baba, in mun sa shi a haka, cutar za ta riga jini shiga ƙofofin. Gida za mu gina mata.”

Aka ƙara wata biyu ana magani. Ruɓar ta ci gaba da hawa, ƙodata ta fara gajiya da allurai. Da hannuna na sa hannu a takarda, aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

Bayan na farfaɗo na roƙa a nuna mini ƙashin tangaran. Fari ne, a rufe cikin leda, ba shi da nauyi ko kaɗan. A gadon da ke kusa da ni akwai wani manomi mai irin larurata, na ce a ba shi sadaka.

Likita ya girgiza kai. “Awonka ne, Baba. Ba ya shiga kowa.”

Yau dungun ya warke, kuma wannan shi ake kira samun sauƙi. A zaune nake sallah. Ban je gona ba, kuma ba na sa ran zan ƙara zuwa. Haruna ya zo sau ɗaya, ya zauna a bakin ƙofa, muka gaisa, ya kasa ɗaga kai. Ban riƙe shi da komai ba. Abin da ya sani ya yi. Ni ne na san fiye da haka na yi shiru.

Na gode wa Allah da Ya bar ni da rai. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da Hadiza, da ku da kuka yi ta addu'a.

Nasihata gajera ce. Karayar da ta ɓula fata ta asibiti ce, a ranar, ba gobe ba. Miki in ya canza wari, a kwance a duba, ko wane ne ya ɗaure. Wanda ya manyanta ya auna suga tun yana lafiya. Dabarun zamani suna nan, amma wanda ya zo da wuri suke yi wa aiki.

A ƙarshe, in kun san wanda ya rasa ƙafar dama, mai sa lamba arba'in da biyu, ku sanar da ni. Ina da takalman hagu guda biyar, duk masu kyau.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya.