Muryar da Kabiru ya yi niyyar yankewa

Shekara biyu ke nan da ɗoriya tun da korona ta ɗauke ƙanena Kabiru a nan Doha. Ni na riga shi zuwa, ina gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. Shi ya biyo baya da gurbin karatu, ya bar matarsa a Zariya da 'yarsa Hafsa a goye. Yanzu Hafsa ta yi wayo. Kwanakin baya uwarta ta kira ni, ta ce yarinyar ta matsa mata da tambaya ɗaya: yaya muryar babanta take? Saƙonnin muryar da yake aikowa sun tafi da tsohuwar wayar da ta lalace. Hotuna kuwa ba sa magana.

Zan kawo abin a jere yadda ya faru, don ba na son labari mai tsalle-tsalle.

Da farko, buri. Kabiru ya so ya yi fim shi kaɗai, ba kamfani ba ubangida, a kan Hausawan da suka daɗe a garin nan, ya gama kafin Gasar Kofin Duniya. Sai maganar kyamara ta taso. A ɗakinmu na unguwar Al Muntazah ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Akwai DSLR, kyamarar hoto ce da take ɗaukar bidiyo. Fuska ta fito tas, bayan mutum ya dushe, kamar fim ɗin silima. Akwai kuma kamkoda, irin ta masu ɗaukar biki. Hotonta bai kai wancan kyau ba, amma tana da juriya, kuma tana kama sauti da kanta. Na ce masa kayan aiki ba don ado ake zaɓensa ba. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai ko rigar Sallah ce sai ka tambayi garantinta." Ya ɗauki DSLR.

Daga nan, gwaji. Muka je unguwar Ain Khaled wurin Baba Issaka, tsohon direba ɗan Zangon Kumasi. Kabiru ya maƙala masa ɗan makirufo a wuyan riga, ya kunna kyamara. To, dattijo ba ya shiga magana ta taga. Sai da ya tambayi Zariya, da iyaye, da zafin gari, da gajiyar hanya. Aka kawo shayi. Ya zagaya ta farashin goro a Kumasi. Can da ya saki jiki, ya fara ba da labarin yadda mahaifiyarsa ta rasu yana nan, bai samu izinin kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya je jana'iza ba. Idonsa ya kawo ruwa. Ashe kyamarar ta daɗe da tsayawa, don irin tata ba ta wuce kusan rabin awa a ɗauka guda. Wa zai dubi tsoho yana share hawaye ya ce a maimaita? Magana zarar bunu ce. Muka yi sallama muka fito.

Bayan haka ya aro kamkoda wurin wani ma'aikacin jinya ɗan Jos da yake ɗaukar taron cocinsu da ita. Ya sake tsari. Tun daga bakin ƙofa yake kunna ta, kafin sallama, ya bar ta tana aiki har a tashi. Ta haka ya samu hirarraki masu nauyi. Amma kullum yana ƙorafi. Makirufon kamkodar a jikinta yake, shi kuma shi ne mafi kusa da ita, don haka muryarsa ta fi ta kowa fitowa. Yakan ce ba shi ne labarin ba, in ya zo haɗa fim zai yanke kansa kaf.

Bai kai ga haɗawa ba. Aka rufe gari, ya kwanta, aka ɗauke shi zuwa asibiti, ba a bar ni na shiga ba. Mu kaɗan muka yi masa salla, kowa da takunkumi a fuska.

Yau gasar da ya jira ta zo. Ka bi ta titin Al Mirqab, baƙi ne ko'ina, kowa ya ɗaga waya sama yana ɗaukar kansa. Nakan tambayi kaina me zai ce. An gaya mini sababbin kyamarorin sun daina wannan tsayawar. Na san halinsa, da gudu zai koma musu, don mutum ne mai son abu mai kyan gani, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai zai tarar Baba Issaka ya koma gida tun lokacin annoba, da shi da wasu da dama. Kowa ya yi jinkiri a irin wannan aiki, ɗakin da babu kowa zai ɗauka.

Saboda tambayar Hafsa na buɗe kwamfutarsa. Na fara da abin da DSLR ta ɗauka. Fuskoki ne masu kyau ƙwarai, amma babu Kabiru ko tari. Na koma na kamkoda. Hoton yana rawa, ga ƙofa, ga takalma a zube, sai ga muryarsa raɗau, yana sallama, yana tambayar Baba Issaka ciwon ƙafarsa, yana dariyarsa mai shaƙewa.

Idan na auna abin da ya bari, fim ɗin bai kammala ba, ni kuma ba sana'ata ba ce, ba zan yi alkawarin da ba zan cika ba. Abin da ya rage mana shi ne ɓangaren da ya ɗauka shara ne: ladabinsa ga manya, da haƙurinsa na jiran tsoho ya iso inda za shi. Na yanko wannan na aika Zariya.

Uwar Hafsa ta ce da aka kunna, yarinyar ta zuba wa takalman ido. Da muryar ta ce, "Ina wuni?" sai ta gyara zama, ta rusuna kamar yadda aka koya mata.

"Lafiya lau, Baba," in ji ta.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari.