Karan gero a bakin fangali

Jaki ne ya kayar da ni daga kan moto a hanyar Safo, ina kabu-kabu, kasko, hular kwanon nan, yana rataye a gwiwar hannuna kamar kayan ado. Kai na bugu. Da aka sallamo ni daga likita a Maraɗi ƙafafuna lau, hannuwana lau, amma kan ya zama rariya. A gaya mini magana yanzu, kafin in sa takalmi ta zube. Sau uku ina ɓatar da makullin ɗaki, sai yayana ya karɓe duk wani makulli da ke aljihuna. Wallahi wannan ya fi faɗuwar ciwo. Magidanci da ƴaƴa huɗu, a ce ko allura ba a ba shi ajiya!

Ina zaune a zaure ina faɗa da ƙuda, ina faɗa da mai ɗakina, sai gwaggona ta zo ta tsaya a kaina. Ita ce shugabar garkar unguwarmu da ke bakin tabkin Madarumfa, inda maza da mata ke noman rani, kowa da nasa gefen.

“Tashi, ɗan nan. Kanka ne ya fashe, ba hannunka ba.”

Ta yanka mini fangali takwas na salati, ta miƙo mini arozuwa, butar ban ruwa. Yo ni da nake ganin ban ruwa wasan yara ne! Ashe in na je rijiya na ɗebo, kafin in dawo na manta inda na tsaya. Sai in koma na farko, in sake komawa. Cikin sati guda, biyu sun ruɓe don ruwa, shida sun ƙone don ƙishi. Da maƙwabcin gefena ya nuna mini, na yi jifa da arozuwar, na zage shi tas, bawan Allah bai ci ba bai sha ba.

Ƴan garka suka zauna a gindin mangwaro. Wasu suka ce a karɓe wurin a ba mai hankali. A gabana suka faɗa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ta roƙa mini dashe ɗaya tak. Sannan ta zaro karan gero takwas daga darni ta danƙa mini.

“Wanda ka shayar, kafa masa kara. In karan hannunka ya ƙare, aikinka ya ƙare. Da safe ka tuge su ka sake.”

Na ce, “Gwaggo, ni za a mayar yaro?”

Ta ce, “Mai tasbaha ma ba ya dogara da kansa, kai wane ne?”

Na rungumi karana. Kullum da sassafe ina nan, kara a hammata. Mata na tsokanata, “Mai kara, saura nawa?” In ce, “Uku, kuma ba da ke zan raba ba!” Da farko da haushi nake amsawa, daga baya da dariya. Hayaniyar kasuwa tana sa mini jiri, amma a nan sai ƙarar guga da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Zuciyar nan mai tafasa ta riƙa sauka. Na je na ba maƙwabcina haƙuri, shi ya koya mini dashen shu, wato kabeji.

Salatin ya fito, kai, ka ga ganye kamar faifai! Takwas ɗin nan babu wanda ya mutu. Na cika kwando na kai gida da kaina, mai ɗakina ta duba ta duba, ta ja gyale ta rufe fuska.

Har yau ina mantuwa, ba zan yi ƙarya ba. Amma ranar da ciwon gwiwa ya hana Gwaggo sammako, ta tara ƴan garka ta ce wa za a ba makullin ƙofar garka. Mutumin da ya fara cewa a kore ni, shi ya ce, “A ba Mai kara, duk ya riga mu zuwa.”

Ta zura makullin a zare ta rataya mini a wuya. Ban ko wanke ƙafa ba, na wuce kai tsaye shagon yayana, na ciro shi daga cikin riga na ce, “Yaya, duba.”