Ƙofar Babi na Huɗu

A gidansu ba mai kiranta da sunan yanka. Auta ake ce mata, sai Yaya, babban wansu mai sana'ar kafinta, da ya laƙaba mata Me-ya-sa tun tana 'yar shekara biyar, ranar da ta tsare shi sai ya faɗa mata dalilin da ya sa ƙusa ke yin zafi in an daɗe ana dukanta. Bai san amsar ba, sai ya ce ta je ta tambayi ƙusar.

Tambayar ce ta zame mata sana'a. Ba ta da ofis, ba ta da shugaba, sai teburi ɗaya da Yaya ya ƙera mata da kwamfutar da maɓallanta suka goge don dannawa. Jaridu da mujallu kan turo mata aiki: yau rubutu kan sauro, gobe kan ciwon suga, jibi kan abin da ke sa mutum hamma in ya ga wani yana yi. Takan karanta rahoton masana mai shafi talatin, ta kira likita ta dame shi da tambaya, sannan ta matse abin ya dawo shafi ɗaya da mai sayar da tumatir zai karanta ya gane. 'Yan uwa dai ba su taɓa yarda aiki ba ne. Duk wanda ke da aike sai ya ce ai Auta tana gida. A aljihun teburin kuma akwai ƙagaggen labari da ta shekara shida tana rubutawa, ba idon da ya taɓa ganinsa sai nata.

Wata safiya Yaya ya faɗo daga tsani yana gyaran rufi, kansa ya bugu. Kwana tara bai san inda yake ba. Da aka sallamo shi, yana tafiya, yana magana, ya san kowa, har zolayar da ya saba bai bari ba. Abin da ya faru shekara ashirin baya yana nan daram. Na jiya ne ba ya kwana a kansa. Yakan tambayi matarsa ko yau ba za a ba shi shayi ba, kofin yana hannunsa.

Likita ya ce ba zai koma shago ba sai abin jiya ya fara zama, don wanda zai manta ya kunna injin yanka katako ba a barinsa kusa da injin. 'Yan uwa suka zauna suka yanke cewa in aka koma asibiti bayan wata uku ba a ga canji ba, za a kwashe kayan aikin a bar wa wani shagon. Shekara ashirin da biyu Yaya ya yi a wannan shago. Ba a faɗa masa ba, ko kuma an faɗa ya manta, amma kowace safiya sai ya saƙale fensir a bayan kunne ya nemi takalmansa.

Auta ta ɗauki abin da gaske. Ta karanta duk abin da ta samu kan buguwar ƙwaƙwalwa, ta manna takardu a bango, ta ba Yaya kalma biyar kowace safiya: lemo, agogo, jirgi, takalmi, gishiri. Washegari ta zo da biro ta tambaye shi. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce shi ba ɗan aji ɗaya ba ne. Ranar da ya ga dama sai ya ce akuya. Matarsa ta ce ta bar mutum ya huta, Auta ta ce masana ne suka rubuta haka, matar ta ce to masanan ba su san Yayanki ba.

Wata biyu suka wuce a haka. Wata rana da yamma ya matsa sai ya fita, ta rasa abin da za ta zaunar da shi da shi, sai ta ɗauko labarinta. Ba wai ta yi ƙarfin hali ba ne. Ta lissafa cewa duk duniya ba wanda ya fi dacewa ya fara jin sa kamar mutumin da zai manta kafin gari ya waye. Kullum babi ɗaya take karanta masa, shi kuma yana kishingiɗe, idanu a rufe, wani lokacin har da minshari.

A rana ta tara ta zo wurin da jarumar labarin, wata ma'aikaciyar jinya, ta ɓuya a bayan ƙofar ɗakin magani, aka turo ƙofar ta rufe ta. Yaya ya buɗe ido ɗaya.

"Tsaya, Me-ya-sa. Wa ya sake musu ƙofar?"

"Wace ƙofa, Yaya?"

"Ta ɗakin maganin mana. Da kin ce waje take buɗewa, har ta bugi bokitin mai shara. Yanzu kuma an turo ta ciki. Ƙofa ɗaya ce ko biyu? In ɗaya ce, kafintanku ɓarawo ne."

Ta koma baya tana buɗe shafuka. Ga bokitin nan a babi na huɗu. Abin da ya fara zo mata kunya ce, shekara shida tana bin labarin nan ba ta ga wannan ba. Sai da ta ɗaga biro za ta gyara sannan ta tuna babi na huɗu kwana biyar ke nan da karanta shi. Ta kira matar Yaya daga kicin, ta sa ya maimaita. Matar ta zauna a hannun kujera tana share ido da bakin zane. Yaya ya dube su ya ce in a kan ƙofa ne su daina kuka, aikin rabin yini ne.

Daga baya ne Auta ta tuna da babi na shida, inda jarumar da wani direba suke kallon juna fiye da kima. Ta tambaye shi a hankali ko ya riƙe wannan. Ya ce ya riƙe, kuma direban bai yi masa ba.

Ta watsar da kalmomin nan biyar, su lemo da gishiri. Ta koma dasa kuskure a labarin da gangan: taga ta tashi daga gabas ta koma yamma, matakala goma sha biyu ta dawo tara. Sunayen mutanen labarin ba sa zama masa, jarumar ma "yarinyar nan mai allura" yake ce mata, amma duk abin da aka yi da katako ba ya wuce shi. Ranar da ta dasa uku ya kama biyu, ya ƙara mata da ɗaya da ba ita ta dasa ba.

Da suka koma asibiti ta zayyana wa likita komai. Ya yi dariya, sannan ya yi nasa gwajin a tsanake, ya ce da sauran tafiya, kada su ruɗi kansu. Amma ya yarda Yaya ya koma shago da safe, zarto da guduma kawai, a kulle injin a bar makullin a hannun matarsa. Maganar bar wa wani shago ba wanda ya sake tayar da ita.

Yanzu Auta takan ɗauki kwamfutarta sau biyu a mako ta zauna a kusurwar shagon, tana hure garin katako daga maɓallan, ta gama aikin jarida sannan ta karanta masa sabon babi. Ta gyara ƙofar ɗakin magani, ta ce masa daga yau ciki take buɗewa, daga farko har ƙarshe. Ya zare fensir daga bayan kunne ya ce to sai ta koma babi na biyu, don sakatar ma ba a nan ya kamata ta zauna ba.