Ciwon Kuncin Gwaggo Tela

Duk wanda ya san layin nan a da ya san shagon Gwaggo Tela: keken ɗinki biyu, tsagaggen madubi, da bencin da mata ke cikawa ko ba su kawo ɗinki ba. Hira ke kawo su. Gwaggo na taka keke tana zuba labari, allura a leɓe, zare kuwa da haƙori take tsinke shi.

Wata safiya tana wanke fuska sai ta ji kamar lantarki ya ja ta a kuncin dama, daga leɓe har gindin kunne. Kafin ta yi ihu ya wuce. Sai ya riƙa dawowa, in ta tauna abu, in ta goge baki, ko iskar fanka ta taɓa ta. Haƙora biyu aka cire mata a banza. Ta kashe fanka, ta rage magana, har matan benci suka fara cewa girman kai ya shige ta. Wannan ya ƙona mata rai ƙwarai, amma bakin bayani ma ciwo ne. Ƙwayoyin da aka rubuta mata sun yi aiki shekara biyu, daga nan sai jiri kawai.

Ƙanwarta ce ta ce, "Yaya, tashi mu je," ta ja ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya duba hoton kanta ya ce, "Mama, ba haƙori ba ne. Jijiyar jini ce ta kwanta kan jijiyar fuska tana bugunta. Za mu ɗan buɗe bayan kunne, mu raba su, mu sa ɗan soso a tsakani."

Gwaggo ta ce ta gefen baki, "Wa zai ɗinke?"

"Ni."

"To ka natsu, ɗana. Zan duba."

Da ta farfaɗo bayan an yi mata aikin, ta shafa kuncin tana jiran azabar. Shiru. Ta kurɓi ruwan sanyi, hawaye suka zubo mata. Ranar da aka cire bandeji ta sa aka kawo madubi biyu, ta daɗe tana kallo.

"Ɗinkin bai miƙe ba," in ji ta, "amma na yafe masa."

Ta ƙara shekara goma sha ɗaya kan keke, har ido ya gaza, ta koma gidan 'yarta. Kunnen daman ya ɗan yi nauyi tun bayan aikin, don haka har Allah ya yi mata rasuwa ta hagunta 'yar ke zama.